Ruwan Rami da Ruwan Kogi

Tun ranar da na sauko daga mota ba a bar ni na huta ba. A bakin kasuwa a tare ni, a bakin rijiya a tare ni, bayan sujada a tare ni: Baba Dauda, yaya Yamai? Ka ga Papa? Me ya ce? Wasu da gaske suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun ga wani guntun hoto a waya, so suke su ji ko zan ɓoye. Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai jinina ya hau. Don haka na zauna na rubuta sau ɗaya. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga gargada a rubutun ya yi haƙuri. Wanda kuma ya ga fushi a ciki, daidai ya gani.

Saboda baƙon da bai san mu ba, bari in fara da abin da ya fitar da ni daga gida.

Ikilisiyarmu ta Tungar Aduwa, Malam Bitrus mai ginar rijiya ne ya kafa ta. Ya je cin rani Najeriya, ya dawo da bishara da wata irin addu'a mai ƙarfi da ba mu saba ji ba. Ya fara tara mu a rumfar gidansa, shi da matarsa Inna Laraba da mu samari kaɗan. Mutanen gari suka sa mana suna masu ihu. Garinmu ba kogi, tafkin ma da damina ta wuce shanu sun dama shi ya zama laka. Mu kuwa a wurinmu baftisma sai an nitsar da mutum duka. Da aka sami masu so, Malam Bitrus ya ɗauki dagi ya haƙa rami bayan rumfa, tsawon mutum a kwance, zurfin ƙugu, ya shimfiɗa tamfol ɗin mota a ciki. Ruwa kuma kowane gida ya kawo tulu. Ranar baftisma tun da safe za ka ga mata jere daga rijiya. Maƙwabtanmu Musulmi sukan ba da aron jaki, suna tsokanarmu: yau kuma wa za ku wanke? In an gama ba a zubar da ruwan a banza. Da shi ake kwaɓa ƙasa a buga tubali, har tubalin ya isa muka ta da bangon majami'a.

A haka muka yi yawa. Aka yi wa marasa lafiya addu'a wasu suka tashi, labari ya shiga rugage da tungaye, rumfa ta yi kaɗan, ɗakin tubali ma ya yi kaɗan. Sai ga mutanen wata babbar majami'a ta Yamai sun zo wa'azi da mota da lasifika. Suka ce in mun shiga ƙarƙashinsu za su rufa mana kwano, su ba mu kayan sauti, su turo fasto mai takarda. Ni ne na fi kowa zaƙewa. Ni na tashi a taron dattawa na ce zamanin rumfa ya wuce. Ni na ce wa Malam Bitrus, a gaban jama'a, ya koma benci ya bar waɗanda suka yi karatu su yi wa'azi. Ya koma. A bencin baya ya zauna har Allah ya ɗauke shi, bai taɓa ce mini kanzil ba. Wannan yana wuyana, kuma ba sabon labari ba ne a Tungar Aduwa.

To, bana, wata Lahadi, fastonmu Sama'ila, wanda Yamai ta turo mana, ya tashi da sanarwa. Wai shugaban majami'ar duka, wanda suke kira Papa, ya ce baftismar da ba a yi cikin ruwa mai gudu ba, ba baftisma ba ce. Duk wanda aka yi wa a rami ko a tafki ya shirya zuwa babban taro a Yamai, a sake masa a kogi.

Inna Laraba ta daɗe a kwance, ƙafafunta sun mutu. Matan zumuntar ikilisiya suka je gaishe ta, bakin wata ya suɓuce. Daga ranar ta daina cin abinci. Surukarta Saratu ta yi ta kai kunu tana dawowa da shi. Sai ta aika a kira ni.

"Dauda, wai ramin maigidana ba baftisma ba ne?"

"Inna, rabu da su. Baftismarki tana nan."

"Ni da ba na iya kai kaina bayan gida, wa zai kai ni kogi? In na mutu haka, ina za a kai ni? Su Tanko da Hajara da suka riga mu, a ramin nan aka yi musu. Suna ina yanzu?"

Na sake ce mata ta kwantar da hankalinta. Ta juyo ta dube ni da idon nan nata da bai tsufa ba.

"Kai ka kawo su. Kai ka koya mana maganarsu ta fi ta 'yan gida. Yanzu kuma ka ce in ji taka? Je ka karɓo mini daga bakin babbansu. In ya ce ta yi, zan ci."

Abin da ya kai ni Yamai ke nan. Kalma ɗaya na je karɓowa, don tsohuwa ta ci abinci.

Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, sai na kama zabi biyu na ɗaure. Babur ya fitar da ni zuwa Dogon Dutse, na shiga babbar motar Yamai. Mai karɓar tikiti ya ce zabi sai dai a ƙasa wurin kaya. Na ce zafin inji zai kashe su. Muna cikin ja-in-ja wata 'yar kasuwa mai jiki, da na ji ana kira Hajiya, ta ce a bar tsoho da kayansa, ai sun fi wasu fasinjojin tsabta. Na tura su ƙarƙashin kujera.

Ba mu tsallake iyakar ƙasa ba, amma yawan shingayen hanyar nan sai ka ɗauka ƙasashe kake ta ketarewa. Kowane shinge a sauko, a yi layi cikin rana, a nuna katin shaida. A wani, jandarman da ya karɓi nawa ya dubi hoton, ya dube ni.

"Baba, wannan mai gashin ɗanka ne?"

"Ni ne, kafin in zama dattijon ikilisiya."

"Ashe aikin yana cin gashi."

Ya miƙo mini yana dariya. Ni dariyar ba ta zo mini ba, hankalina yana kan ƙwaryar kunun da ake dawowa da ita.

A Doso muka tsaya cin abinci. Ina cikin gutsurar burodin nan nasu mai tsawo kamar sanda, sai na ji ihu. Zabuwa ɗaya ta kwance ƙafa, ta biyo ƙofa, ta shige ƙarƙashin teburan masu nama. Ƙarti suka bi ta, wani ya kifar da tiren mai ƙwai. Mai tsiren da ya kama ta ya ce tun da ta kawo kanta, a bari ya gyara mini ita. Da muka koma mota Hajiya ta tambaye ni wa zan kai wa wannan fitina. Na ba ta labari a taƙaice. Ta riƙe haɓa.

"Ku ma kuna da irin waɗannan malaman? Na ɗauka mu kaɗai Allah ya jarraba."

Daga Doso zuwa gaba Hausa ta fara ƙaranci a bakin hanya, sai Zabarmanci. Muka shiga Yamai rana ta karkata.

Abin da ya fara ɓata mini rai a birnin nan tasi ne. Ka tsayar da shi, ka leƙa ta taga ka faɗi unguwarka. In hanyarsa ce ya kaɗa kai ka shiga ka matse da waɗanda ka tarar. In ba hanyarsa ba ce, sai kawai ya ja motarsa, ko a'a ba zai ce maka ba. A garinmu ko jaki ka yi wa magana yakan kaɗa kunne. Da kyar na sami wani direba mutumin Tawa ya kai ni unguwar Lazare.

A can Alhaji Sani tela yake, kusa da kasuwa. Tare muka yi kiwon awaki, kuma jakin mahaifinsa ne ya fi kowane jaki ɗaukar mana ruwan baftisma. Ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakin da ke bayan shagonsa, cikin tarin yadi. Aka kawo dambu da kwaɗon zogale, wanda suke kira kopto. Abin da matanmu ke kwaɗawa in rumbu ya yi ƙasa, a Yamai har masu kwat suna yi masa layi. Ruwan sha kuwa a leda ake sayar da shi, mutum ya tsotse ya yar a titi. Da na gaya wa Alhaji abin da ke tafe da ni, sai da ya tsayar da keke.

"Kai Dauda! Ashe jakin babana wahalar banza ya yi? Ya mutu yana tsammanin lada."

"Sani, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na sani. Inna Laraba ce ta yi mini jinyar ƙyanda, ka manta? Amma ina gaya maka, manyan garin nan, namu da naku, ba a ganinsu da zabi."

Bai yi ƙarya ba. Majami'ar tasu gini ne mai bene, ƙasa duk tayil, sai ka ji kunyar takawa. Mai gadi ya ce ba a shiga da dabbobi. Na bar masa su a inuwa. A ciki wata mata da ake kira Madam tana zaune bayan tebur, sanyi yana hurawa. Na yi sallama na fara gaisuwa yadda aka koya mana, ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Ban kai ga yara ba ta katse ni.

"Kana da randebu?"

"Mene ne shi?"

"An ba ka lokaci?"

"Daga Tungar Aduwa nake. Dattijon ikilisiya ne ni. Ran mutum ne ya kawo ni."

"Kowa ran mutum ne ya kawo shi, Baba. Zauna."

Na zauna. Masu kwat suna zuwa, su yi mata magana da Faransanci, ta buɗe musu ƙofa. Ni ina nan har aka tashi. Washegari haka, wanshekare haka. Zabin dai a tukunyar matar Alhaji suka ƙare, ya ce tun da Papa bai da rabo, ɗan mai jaki ya ci.

Ana haka babban taron ya buɗe. Mutanenmu suka iso da Fasto Sama'ila, cike da mota, har da waɗanda ni na riƙe hannunsu suka sauka ramin Malam Bitrus. Filin ya cika maƙil, kiɗa har cikin ƙirji kake jinsa. Ba zan ɓoye ba, waƙarsu ta yi daɗi, har na sami kaina ina tafi. Sai Papa ya hau dandali cikin fararen kaya. Yana wa'azi da Faransanci, wani yana juyawa da Zabarmanci, wani da Hausa. Ya shiga lissafa garuruwan da ya kai haske. Sai na ji mai juyawa ya ce:

"Tungar Aduwa! Garin da ba a taɓa kiran sunan Yesu ba sai da muka je! Muka tarar da su cikin duhu, yau ga su nan! Ku tashi a gan ku!"

Mutanenmu suka tashi suna ɗaga hannu, fili ya ɗauki guɗa. Ni ƙafata ta ƙi. Cikin duhu! Mu da aka jefa da kashin shanu saboda sunan nan tun Papa yana rarrafe. Mu da aka hana 'yan'uwanmu aure, aka daina cin abinci da mu. Bangon da suka ɗora kwanonsu a kai, da ruwan wa aka kwaɓa shi? Na dubi Fasto Sama'ila, yana tafi yana kallon takalminsa.

Da aka tashi ban koma wurin Madam ba. Na zagaya bayan dandali inda motar Papa take, na tsaya a gabanta. Masu tsaronsa suka zo za su janye ni, na ce sai dai a taka ni. Sai ga gilashi ya sauka. Ashe mutumin yana jin Hausa ras, ta wajen Maradi ma.

"Dattijo, lafiya? Allah ya albarkace ka. Ku ƙyale shi."

Na durƙusa, da furfurata, na faɗa masa komai. Ramin, da tsohuwar, da abincin da ta daina ci. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba, har ya girgiza kai.

"Ka kawo ta mana."

"Ranka ya daɗe, ba ta tashi."

"In tana da bangaskiya za ta tashi."

"Bangaskiyarta ce ta ciyar da ikilisiyar nan tun ba ta da ƙofa. Ƙafa ce ba ta da ita. Kalma ɗaya nake roƙo, ka ce tata ta yi."

"Dattijo, ka san rassa nawa ke ƙarƙashina? Wasu a kwano aka yayyafa musu, wasu da buta. In na buɗe wa mai rami ƙofa, gobe mai buta zai zo. Ubangijinmu ma a kogi aka yi masa. Doka ɗaya ce ga kowa." Ya ƙare mini kallo. "Amma ga abin da za a yi. An gaya mini tsofaffin garinku suna noƙewa, kai suke kallo. Gobe a kogi, a Tondibiya, kai za ka fara shiga ruwa. In ka shiga, sai mu duba maganar tsohuwa."

Gilashi ya hau, mota ta wuce.

Fasto Sama'ila ya biyo ni har bakin titi. Yaro ne mai kirki, ban taɓa ƙinsa ba.

"Baba, don Allah ka shiga. Wanka ne kawai, me zai rage maka? In ka ƙi, ni za a ce na kasa. A mayar da ni, a kwashe kayan sauti. Ina da iyali, Baba."

"Kai a ina aka yi maka taka?"

Ya sunkuyar da kai. "A tankin makaranta."

"To kai ma gobe za ka sake?"

"An riga an sake mana, mu fastoci."

Na koma Lazare ina tafasa. Alhaji ya ce in ni ne shi, da ya shiga, ya karɓo wa tsohuwa maganarta, Allah ya san zuciya. Na juya abin, na ga da gaskiyarsa. Ba don kaina na zo ba. In nitsewa ɗaya za ta sa Inna Laraba ta ci abinci, me ya fi wannan sauƙi? Na yanke zan shiga. Ina faɗar wannan don masu cewa tun daga gida na shirya rigima.

Da safe muka shiga ƙananan motocin nan da suke kira faba-faba, aka cusa mu kamar buhuna, muka nufi yamma da gari. Tondibiya ƙauye ne a bakin kogi, ga lambuna, ga masunta suna gyaran taru, ga mata suna wanki. Ni da na girma ina ganin ana faɗa a kan guga ɗaya, da na ga ruwan nan yana wucewa ba mai tare shi, sai da na yi tsaye. An kafa rumfuna, an jera masu ɗaukar hoto. Aka raba mana fararen riguna. Na sa tawa, ta tsaya mini a gwiwa. Aka jawo ni aka sa ni gaban layin mutanen garinmu.

Kafin mu akwai mutanen wani gari. A nan na ga yadda ake yi. Mutum zai shiga ruwa, fastoci biyu su riƙe shi, na uku ya kawo abin magana bakinsa ya yi masa tambaya. Ya amsa, a nitsar, a yi guɗa. Daga nesa ban ji tambayar ba saboda kiɗa. Sai da na shiga, ruwa ya kai mini cinya, sanyinsa ya ratsa ni, aka kama hannuwana, sannan na ji ta da kyau, tana fita ta lasifika har tsallaken kogi.

"Baba, ka shaida a gaban Allah da jama'a cewa har yau ba a taɓa yi maka baftisma ta gaskiya ba?"

Wannan ba wanda ya gaya mini. Ba Papa ba, ba Fasto Sama'ila ba. Wanka kawai, in ji shi. Ashe sai na buɗe bakina na ce Malam Bitrus ƙarya ya yi mana. Sai na ce su Tanko da Hajara haka suka tafi. Sai na faɗa, a gaban 'yan garinmu da za su kai labari, ainihin abin da ya hana tsohuwa cin abinci, sannan in koma in ce mata ga albishir.

Mai tambayar ya ɗauka ban ji ba, ya maimaita da ƙarfi.

Na ce, "An yi mini."

Ya janye abin maganar, na bi shi da baki.

"An yi mini! Malam Bitrus mai ginar rijiya ya yi mini, a rami, a Tungar Aduwa, da ruwan da matarsa Laraba ta ɗauko a kanta! Kuma ba cikin duhu kuka tarar da mu ba!"

Aka kashe lasifika, masu kiɗa suka ƙara wuta. Fastocin suka ja ni za su fitar da ni, ni kuma na fizge. Ƙasan kogin nan laka ce mai santsi. Ƙafata ta tafi, na faɗa da baya, ruwa ya rufe ni har kai. Na taso ina tari, ina kama iska. Waɗanda ke can baya, da ba su ji abin da aka yi ba, suka ɗauki Halleluya.

To, wannan shi ne hoton da kuka gani a waya. Sun yanke gaba, sun yanke baya, sun bar tsoho yana tasowa daga ruwa hannu sama. Wanda ya yi wannan yankan, da wanda ya sa shi, na bar su da Allah, amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yafe ba.

Wani masunci Bazabarme ne ya kamo hannuna ya fitar da ni, ya tsamo mini takalmi ɗaya, ɗayan kogi ya tafi da shi. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensa, ya dai yi ta bubbuga bayana har na amayar da ruwan. Daga mutanenmu wasu sun shiga bayana, wasu sun tuɓe rigar sun ajiye. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Wanda ya shiga, tsoro aka ba shi, kuma ni na fara nuna masa hanyar Yamai tun shekarun baya. Papa kuwa ban sake ganinsa ba. Madam ta aiko a gaya mini in mayar da rigar.

Alhaji ya ba ni silifas ɗinsa, ya raka ni tasha. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya a hanya, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga.

"Me za ka gaya mata?"

"Ban sani ba."

Har muka wuce Doso ban sani ba. Na yi tunanin in ce mata Papa ya yarda. Wa zai ƙaryata ni a ɗakin tsohuwa? Amma matan zumunta suna da baki, kuma na riga na yi wa gidan nan abin da ya isa.

An ce za a zo a kwashe kayan sauti, wataƙila har da kwanon. A zo. Abin da nake roƙo kawai, kada a huce a kan Fasto Sama'ila, ba shi ya kar zomon kowa ba a wannan magana, ni na yi ihu.

Da na sauka ban biya gida ba, na wuce wurinta da ƙurar hanya. Saratu tana tsakar gida, ta girgiza mini kai, alamar har yanzu. Na shiga na tarar ta ƙara zubewa, sai idon.

"Dauda. Ka kawo?"

"Ban kawo ba, Inna. Ya ƙi."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "An nuna wa Saratu hotonka. An ce ka shiga."

"Santsi ne ya kwashe ni. Sun tambaye ni in ce ba a taɓa yi mini ba, na ce an yi mini."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

"A gaban babbansu?"

"A lasifika. Har masu wanki sun ji."

Ta juyo a hankali. "Ka kira sunan wa?"

"Na Malam. Da naki. Na ce ke kika ɗauko ruwan."

"Ni na ɗauko kuwa. Ranar taka ma tuluna ya fashe, sai da na koma." Ta ja numfashi. "Wato yanzu kai ma a wurinsu ba ka da ita."

"Ba ni da ita."

"In ka mutu, inda za a kai ni nan za a kai ka."

"Nan ne, Inna."

"Kuma ba ka jin tsoro?"

"Haushi dai nake ji."

Wata 'yar dariya ta kama ta, ta koma tari, na ɗaga mata kai har ya lafa. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take mini tun ina saurayi in na zo rumfa a makare. Sannan ta ɗaga murya, muryar da na ɗauka ta riga ta tafi.

"Ke Saratu! Kunun nan da kika yi ta yawo da shi, kin zubar ne? Kawo."

Saratu ta shigo da gudu har tana zubar da shi a hanya. Na tallafe tsohuwa, ta kama ludayi da hannunta. Ta sha, ta sake sha, ta yamutsa fuska.

"Tsamiya ta yi yawa," in ji ta. "Ƙaro."